Jiragen Lilo na Ƙarfe: Gasar Tsayi da Gudu, da Sabon da Aka Kafa a Tsaunin Tuwaiq

Jirgin lilo ɗan ƙaramin jirgin ƙasa ne na wuraren shaƙatawa. Yana bin layin dogo mai hawa da gangara da lanƙwasa, ya kwashi mutane ya zagaya da su cikin minti biyu ko uku, ya dawo da su inda suka hau. Taragansa ba su da inji, nauyinsa ne ke tafiyar da shi. Akan ja shi zuwa ƙololuwar tudun farko a sake shi, tsayin da ya hau ya koma gudu, gudun kuma ya haye da shi tudu na gaba. Haka lilon igiya da yara ke ɗaurawa a reshen bishiya yake, ba ya wuce inda aka sake shi sai an ƙara tura shi. Shi ya sa a jirgin da sarƙa ke ja, tudun farko ya fi duk na bayansa tsayi, domin iska da gogayyar tayoyi suna ta cin ƙarfin jirgin har ya isa birki.

Akwai dubban irin waɗannan jirage a duniya, kuma mafi yawansu na ƙarfe ne, na katako 'yan ƙalilan ne. Masu wuraren shaƙatawa sun fi tallata lambobi uku: tsayi da gudu da tsawon dogo. Tarihin shekaru sittin da 'yan kai na jiragen ƙarfe ya nuna cewa waɗannan lambobi suna jawo jama'a a shekarar farko, amma ba su ke yanke hukuncin jirgin da zai daɗe yana aiki ba, ko wanda mahaya za su riƙa komawa gare shi.

Daga tudun ƙanƙara zuwa bututun ƙarfe

Asalin wasan daga Rasha yake, inda tun ƙarni na 17 ake gina tudun katako a lulluɓe shi da ƙanƙara, mutane su zauna a kan abin zamiya su sulalo. A 1817 aka buɗe irinsa mai taya a birnin Paris. A Amurka kuwa, wani layin dogo da aka shimfiɗa a Mauch Chunk ta jihar Pennsylvania a 1827 don gangaro da kwal daga kan dutse ya koma ɗaukar masu yawon buɗe ido. LaMarcus Thompson ya buɗe nasa a Coney Island ta New York a 1884, gudunsa bai wuce kimanin kilomita 10 a awa ba, kuɗin hawa kuma senti 5. A 1919 John Miller ya yi rajistar wata dabara da har yau ake tafiya a kanta, wato ƙarin taya da ke riƙe dogo ta ƙasa, yadda tarago ba zai tashi ya bar layi ba komai tsananin gangara.

Babban sauyi ya zo a 1959, lokacin da kamfanin Arrow Development ya gina Matterhorn Bobsleds a Disneyland ta Kalifoniya da dogo na bututun ƙarfe. Dogon katako alluna ne da aka jera wani bisa wani aka lulluɓe samansu da siririn ƙarfe, kuma akwai iyakar lanƙwasar da zai iya ɗauka. Bututu kuwa inji na iya lanƙwasa shi ta kowace fuska. Tayoyi kashi uku suna kama shi, na sama masu ɗaukar nauyi, na gefe masu bi da jirgin a kwana, da na ƙasa masu hana shi tashi. Ana lulluɓe tayoyin da roba mai tauri ko nailan, shi ya sa tafiyar ta fi ta katako santsi.

Da bututu ya samu, sai alkafura ta dawo. An taɓa gwada ta tun 1895 a Flip Flap Railway ta Coney Island, amma da'irar ta kasance zagayayya sosai, tana fizgar wuyan mahaya har wasu suna jin ciwo. A 1975 Arrow ya buɗe Corkscrew a Knott's Berry Farm mai murɗawa kai ƙasa sau biyu. A shekara ta gaba aka buɗe Revolution a Magic Mountain, aikin Bajamushe Anton Schwarzkopf da injiniya Werner Stengel. Da'irarsa mai faɗi ce a ƙasa inda gudu ya yi yawa, matsattsiya a sama inda gudu ya ragu, saboda haka matsin da jiki ke ji yana shigowa sannu a hankali. Kusan duk wata da'irar da aka gina bayan nan wannan siffa ta bi.

Abin da jiki ke ji

Jikin mutum ba ya jin gudu shi kaɗai, abin da yake ji shi ne sauyin gudu da sauyin alƙibla. Fasinjan jirgin sama yana shan shayi cikin natsuwa alhali yana keta sarari da kusan kilomita 900 a awa. Don haka masu zana jirgin lilo suna auna aikinsu ne da yawan ninkin nauyin da jiki ke ɗauka a kowane wuri. A ƙasan gangara, inda jirgin ke juyowa sama, nauyin yakan ninka sau uku ko huɗu, mai kilo 70 ya ji kamar ya kai kilo 280 an danne shi a kujera. Jini yakan gangara ƙafafu, idan kuma matsin ya daɗe 'yan daƙiƙoƙi, gani ya fara dushewa. A ƙololuwar tudu abin ya juya: jirgin ya riga jiki yin ƙasa, mutum ya ji ya tashi daga kujera, sandar da ke kan cinyarsa kaɗai ke riƙe da shi. Wannan tashi shi masana wasan suka fi ƙauna, kuma da shi suka fi auna jirgi.

Matsi na uku shi ne na gefe, wanda ke buga kai da kafaɗa a kwana. Maganinsa shi ne karkatar da dogon yadda matsin zai koma ƙasa cikin kujera. Stengel ya ƙara wata dabara: a fara zana hanyar da ƙirjin mahayi zai bi, sannan a naɗe dogon a kewayenta. Ko da wannan ilimi, akan yi kuskuren lissafi. Intimidator 305 da aka buɗe a Kings Dominion ta jihar Virginia a 2010, mai tsayin mita 93, yana faɗawa wata matsattsiyar kwana a ƙasa da zarar ya gama gangarar farko. Mahaya da yawa suka riƙa cewa idanunsu na rufewa a wurin, har sai da aka sake gina kwanar aka faɗaɗa ta kafin kakar 2011.

Gasar da aka yi da sarƙa, da wadda aka yi da harbi

Cedar Point, wani wurin shaƙatawa a bakin tafkin Erie a jihar Ohio, shi ya buɗe gasar tsayi. A 1989 ya kafa Magnum XL-200 mai mita 62 da gudun kilomita 116 a awa, ba alkafura ko ɗaya, sai tuddai da gangara, a kan dala miliyan 8. A 2000 ya ƙara da Millennium Force na kamfanin Intamin, mita 94, kilomita 150 a awa, a kan dala miliyan 25. Sarƙar da za ta kai wannan tsayi za ta yi nauyi ƙwarai, sai aka yi amfani da igiyar ƙarfe. Jirgin mai ɗaukar mutum 36 yana barin tasha sai ya kama hawa a karkace digiri 45, tafkin na shimfiɗe a gefensa, babu ƙwanƙwasar haƙoran ƙarfe da aka saba ji a tsofaffin jirage. Kafin mahayi ya gama kallon ruwa, taragon gaba ya leƙa bakin gangara mai digiri 80, ya faɗa mita 91. Bayan 'yan watanni Japan ta buɗe Steel Dragon 2000 a Nagashima Spa Land, mita 97, da dogo mai tsawon mita 2,479. An zuba masa ƙarfe fiye da yadda aka saba domin ya jure girgizar ƙasa.

Sai dai hawa kaɗai yana da iyaka a lissafi. Kafin gudu ya ninka biyu, sai tsayin gangara ya ninka huɗu. Wanda ke son kilomita 250 a awa da nauyi kaɗai yana buƙatar faɗowa daga kimanin mita 245, ko da babu iskar da ke tare shi. Daga nan masu ƙira suka koma harba jirgin daga ƙasa. Intamin ya ƙera wani tsari da ake matsa mai a cikin manyan tankuna a tara ƙarfi, a sake shi lokaci guda ya juya wani gangan ƙarfe, gangan ya naɗe igiyar da ke jan jirgin. Da shi aka gina Top Thrill Dragster a Cedar Point a 2003, mita 128, kilomita 193 a awa, da Kingda Ka a Six Flags Great Adventure ta New Jersey a 2005, mita 139, wanda ke kai kilomita 206 a awa cikin daƙiƙa 3.5. A lokacin da yake aiki, jirgin Kingda Ka yakan miƙe sama tsaye, ya haye ƙololuwa a hankali, ya murɗo ƙasa, duk cikin ƙasa da minti ɗaya. Wani lokaci, musamman da sanyi ko iska, ƙarfin bai isa ya haye ba, sai ya dawo da baya, birkin da aka tanada domin haka ya tare shi. A 2010 aka buɗe Formula Rossa a Ferrari World ta Abu Dabi, mai kai kilomita 240 a awa cikin daƙiƙa 4.9, alhali tsayinsa mita 52 ne kawai. Ana ba mahayansa tabarau na kariya, domin a irin wannan gudu ƙwayar yashi ko ƙwaro na iya raunata ido.

Ba a nan gizo ke saƙa ba. Injin mai da igiya yana da sassa masu yawa da ke ɗaukar wahala a kowane harbi, kuma kula da shi na cin kuɗi. Kingda Ka ya sha rufewa, tun daga lalacewar igiyarsa makonni kaɗan bayan buɗewa har zuwa tsawar da ta faɗa masa a 2009. An rufe shi a Nuwamba 2024, aka rushe hasumiyarsa a ƙarshen Fabrairu 2025, bai cika shekara 20 ba. Top Thrill Dragster ya tsaya a Agusta 2021 bayan wani ƙarfe ya fita daga jirgin ya yi wa wata mata da ke bin layi mummunan rauni. Kamfanin Zamperla na Italiya ya sake gina shi da harbin maganaɗisu, aka buɗe shi a 2024 da sunan Top Thrill 2, aka sake rufe shi bayan 'yan kwanaki don gyaran taragai, sai a 2025 ya dawo aiki. A duk tsawon wannan lokaci Magnum na 1989 yana nan yana ɗaukar mutane, haka ma Matterhorn na 1959.

Salon kamfanoni biyu

Masu kwatanta jiragen ƙarfe sukan ƙare a kan kamfanoni biyu. Intamin, mai hedikwata a Liechtenstein, an san shi da shiga abin da ba a taɓa yi ba, kuma yawancin kambin tsayi da gudu tun daga 2000 nasa ne. Bolliger & Mabillard, wanda Walter Bolliger da Claude Mabillard suka kafa a garin Monthey na Suwizalan a 1988, an san shi da taka-tsantsan. Shi ya fito da jirgin da ke rataye a ƙarƙashin dogo ƙafafun mahaya na reto, a Batman: The Ride na 1992, amma ba ya gaggawar karɓar sabuwar dabara sai ta nuna kanta. Ƙashin bayan dogonsa akwati ne na ƙarfe mai kusurwa huɗu wanda ke ba da wani ruri idan jirgi ya wuce, har a wasu wurare akan cika shi da yashi don kada ya dami maƙwabta.

Fury 325 da wannan kamfani na biyu ya gina a Carowinds, a kan iyakar jihohin Carolina ta Arewa da ta Kudu, a 2015, yana da mita 99, kilomita 153 a awa, da dogo mai mita 2,012. A takarda bai fi Millennium Force da wani abin a zo a gani ba. Bambancin yana cikin yadda aka kashe gudun. Millennium Force yana bin manyan kwanoni masu faɗi da tuddai masu laushi, mahayi ya ji iska da sarari. Fury 325 yana manne da ƙasa, yana sauya alƙibla ba ƙaƙƙautawa, ya tsallake ƙofar shiga wurin, ya kutsa ƙarƙashin gadar masu tafiya a ƙafa, sannan ya ƙare da tuddan da ke ɗaga mutum daga kujera. A zaɓen shekara-shekara na mujallar Amusement Today, Millennium Force ya ciri tuta sau da yawa a matsayin jirgin ƙarfe mafi kyau, daga 2016 kuma Fury 325 ya riƙe kambin shekaru da dama a jere. Kingda Ka, da ya fi su duka tsayi da gudu, bai taɓa zama na ɗaya ba.

Tsaro

Ana raba dogo kashi-kashi, kowane kashi da birki a ƙarshensa, kwamfuta kuma ba ta barin jirgi ya shiga wani kashi sai na gabansa ya fita. Birkin zamani faranti ne na ƙarfe da ke wucewa tsakanin maganaɗisu biyu ba tare da sun taɓa juna ba, kuma yana aiki ko da an ɗauke wuta. Inda matsala ke ɓullowa sau da yawa shi ne hannun mutum da tsufan ƙarfe. A ranar 2 ga Yuni 2015, a jirgin The Smiler na Alton Towers a Ingila, mai alkafura 14, kwamfuta ta tsayar da wani tarago domin akwai wani fanko da ya maƙale a gaba. Ma'aikata suka ɗauka kuskuren na'ura ne suka sake shi, ya yi karo da fankon. Mutum biyu suka rasa ƙafa, kotu kuma ta ci kamfanin da ke da wurin tarar fam miliyan 5 a 2016. A ƙarshen Yuni 2023 wani baƙo ya ɗauki hoton tsagewa a saman ɗaya daga ginshiƙan Fury 325. Aka rufe shi, aka sauya ginshiƙin, aka ƙara tsaurara bincike kafin a buɗe shi a Agusta.

Falcon's Flight da shekarun jiransa

Jirgin da masu sha'awar wasan suka fi zuba wa ido a 'yan shekarun nan yana Qiddiya, kimanin kilomita 40 daga Riyad, babban birnin Saudiyya. Qiddiya na cikin manyan ayyukan shirin Vision 2030 na rage dogaro da man fetur da riƙe kuɗin da 'yan ƙasar ke kashewa wajen shaƙatawa a waje. Sarki Salman ya aza harsashinta a 2018, asusun zuba jari na gwamnati ne kuma ke ɗauke da nauyinta. A 2019 aka nuna zanen wurin wasan Six Flags na can, mai kayan wasa 28, tare da alkawarin jirgin da zai haɗa kambi uku, na tsayi da gudu da tsawon dogo, a hannu ɗaya. Aka ba Intamin aikin, aka sa masa suna Falcon's Flight.

Dabarar ita ce a bar tsaunin Tuwaiq da ke wurin ya yi aikin hasumiya. Maimakon sarƙa ko igiya, jirgin na amfani da harbin maganaɗisu sau uku. Ana jera na'urorin lantarki a tsakiyar dogo, maganaɗisu kuma na manne a ƙarƙashin taragai, ana kunna na'urorin bi da bi su tura jirgin ba tare da wani abu ya taɓa wani ba. Wannan tsari bai kai injin mai saurin fizga ba, yana buƙatar dogo mai tsawo, amma sassansa ba sa cinyewa. Harbi na biyu ne ke haye da jirgin kan tsaunin, zuwa kimanin mita 195. Daga can ya faɗo daga bakin dutsen ya shiga rami, harbi na uku ya kai shi kilomita 250 a awa, sannan ya haye wani tudun ƙarfe da ya haura mita 160. Dogon ya wuce kilomita 4.2, tafiyar kuma kimanin minti uku da rabi ce. Masu bin diddigi sun yi ta muhawara ko ya kamata a lissafa tsayin da dutse ya bayar, amma ko an cire shi, tudun ƙarfen kaɗai ya zarce mita 139 na Kingda Ka.

Gina irin wannan jirgi aiki ne na shekaru. Akan fara da zuba harsasan kankare ɗaya ga kowace ƙafar ginshiƙi, a wurin da aka auna daidai. Ana lanƙwasa dogo a yi masa walda a masana'anta, a yanka shi gunduwa-gunduwa kowace da lambarta, a kawo ta jirgin ruwa. Injin ɗaga kaya ya ɗora gunduwa, ma'aikata a rataye da igiyar tsaro su daidaita bakinta da na 'yar'uwarta su ɗaure da noti. Idan dogo ya haɗu, sai a ja tarago a hankali ɗauke da wani faifai mai faɗin iyakar inda hannun mahayi zai kai, a tabbatar ba ya taɓa komai. Bayan haka a cika kujeru da mutum-mutumin roba masu ruwa a ciki, a sa na'urorin auna matsi, a yi ta sakin jirgin sau ɗaruruwa kafin masu binciken waje su sa hannu. Kowane mataki na aikin Qiddiya masu sha'awa sun bi shi ta hotunan tauraron ɗan'adam da bidiyon gwaji, har masu wurin suka sa ranar 31 ga Disamba 2025 ta zama ranar buɗe ƙofa.

Hamada tana da nata sharuɗɗan. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, kuma bambancin digiri 30 tsakanin daren hunturu da ranar bazara zai iya ƙara wa dogo mai wannan tsawo kusan mita ɗaya da rabi, wanda dole ginshiƙai da kwanoni su shanye. Robar tayoyi tana ɗaukar zafi da gudu, abin da ya sa aka riƙa fesa wa tayoyin Intimidator 305 ruwa alhali gudunsa bai kai kilomita 150 ba. Ga kuma ƙura da yashi, waɗanda saboda su da ƙarfin iska aka sa wa taragan Falcon's Flight gilashin gaba maimakon a raba tabarau.

Ma'aunin da za a auna sababbi

Gasar ba ta tsaya ba. Six Flags Over Texas da ke Arlington ya sanar da Tormenta Rampaging Run na Bolliger & Mabillard don shekarar 2026, mai mita 94 da gangara ta digiri 95, daga irin jiragen da ke tsayawa 'yan daƙiƙoƙi a bakin gangara mahaya na kallon ƙasa kafin a sake su. Wannan salo ya fara ne da Oblivion a Alton Towers a 1998, an kuma yi ta ƙara masa tsayi kaɗan-kaɗan.

Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin jirgin lilo yana ɗaukar shekaru. Abu na farko da ake dubawa shi ne yawan kwanakin da yake aiki a shekara ba tare da rufewa ba. Na biyu shi ne yawan mutanen da yake ɗauka: jirgin Falcon's Flight kujera 14 gare shi, ko ana sakin ɗaya kowane minti mutum 840 ke nan a awa, alhali Fury 325 mai kujera 32 zai kwashi 1,280 ko da ana sakinsa bayan kowane minti ɗaya da rabi. Na uku shi ne ko santsin tafiyar zai ɗore bayan zafi da ƙura sun yi aiki a kan dogo da tayoyi. Na huɗu shi ne kuɗin kula da shi, wanda idan ya yi yawa masu wuri kan gwammace su rushe. Na biyar shi ne tsarin tafiyar kanta, wato ko tana ba jiki abubuwa iri-iri da za su sa mahayi ya sake bin layi. Jiragen da suka haɗa waɗannan abubuwa biyar su ne suka kai shekara talatin, arba'in, har sittin suna aiki.